Wa ya kamata doka ta kama: yarinyar, mai biyan kuɗin, ko magajiya?

Malamar Firamare, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga masana shari'a da kuma waɗanda suka taɓa aiki a wannan fanni, domin mun yi zama a ƙungiyar matan unguwarmu mun tashi baram-baram, kowa da abin da yake ganin daidai ne.

Abin da ya tara mu shi ne maganar wata yarinya da aka dawo da ita daga Burkina Faso. Wata mata ce ta zo ta shaida wa mahaifiyarta cewa za a sama mata aikin tsaron shago a Legas, ta yi mata ɗinki kala biyu, ta danƙa wa uwar ɗan abin da ba a rasa ba, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyar yarinyar ba sai bayan shekara guda da watanni. Ashe wani sansanin masu haƙar zinariya aka kai ta, aka ɗora mata bashin kuɗin mota da na ɗaki da na abinci, aka ce ba za ta fita ba sai ta biya, kuma ba sai na faɗi irin aikin da ake biyan wannan bashi da shi ba.

A wurin zaman, wasu daga cikinmu sun ce maganin abin shi ne a tsananta hukunci a kan duk macen da aka kama tana zaman kanta, har sana'ar ta mutu, masu safarar su rasa kasuwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a'a, akwai ƙasashen da suka halatta harkar suka yi mata rajista, har da Senegal a nan kusa da mu, don a riƙa sanin wacce ta shigo da ƙafarta da wacce aka kawo. Wata kuma ta ce ta ji cewa a Suwidin namijin da ya biya kuɗin ake hukuntawa, ba a taɓa macen. Ni dai kaina ya ɗaure. Tambayata ita ce, a cikin waɗannan hanyoyi wacce ce aka ga ta rage fataucin mata a zahiri, kuma shin gaskiya ne cewa halatta karuwanci yana ƙara shi?

Lauya mai zaman kansa, Kaduna

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka da alheri, ita kuma yarinyar Allah ya ba ta lafiya da mafita ta alheri.

Da farko ya kamata a raba abubuwa biyu da mutane ke yawan cakuɗawa, wato karuwanci da fataucin mutane. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka ƙulla a shekarar 2000 kuma Najeriya da Nijar duk suka amince da ita, ta ce fatauci yana tabbata ne idan abu uku suka haɗu: a ɗauko mutum ko a yi jigilarsa ko a ajiye shi, a yi hakan ta hanyar tilas ko yaudara ko cin gajiyar rauninsa, sannan manufar ta kasance ci da guminsa. Idan wanda abin ya shafa bai kai shekara 18 ba, ba a ma buƙatar a kawo hujjar yaudara ko tilas. Don haka yarinyar da kika ambata, a idon doka, ba mai laifi ba ce ko kaɗan. An yi fataucinta ne, kuma aikin NAPTIP ne, wato hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya, wadda aka kafa a 2003 aka kuma sabunta dokarta a 2015.

Sai maganar ƙasashen. Holan ta ɗage haramcin gidajen karuwai a shekarar 2000, Jamus ta yi dokar da ta mayar da harkar sana'a a 2002. Hujjarsu ita ce irin wadda ma'aikaciyar jinyar ta kawo, cewa abin da aka fito da shi fili ya fi sauƙin sa wa ido. Amma daga 2007 hukumar birnin Amsterdam na Holan da kanta ta fara sayen wasu daga cikin ɗakunan karuwai masu tagogin gilashi na unguwar da ake harkar tana rufewa, tana mai cewa miyagun ƙungiyoyi sun yi kaka-gida a unguwar. Jamus ita ma ta sake yin wata doka a 2017 wadda ta wajabta rajista, amma zuwa ƙarshen 2019 kimanin mutum 40,000 ne kacal suka yi rajistar, alhali masu harkar sun fi haka nesa ba kusa ba. Dalilin a bayyane yake: wadda aka kawo ba ta da takardun zama ba za ta je ofishin gwamnati ta rubuta sunanta ba, kuma wadda ke tsare da ita ba za ta bar ta ta je ba. A Senegal ma, inda tsarin rajista da katin asibiti ya daɗe tun 1969 ga matan da suka kai shekara 21, akasarin masu harkar a ɓoye suke yi. Rajista tana amfanar wadda dama take da 'yancin kanta, ita kuwa wadda ke cikin ƙangi ba ta isa ko bakin ƙofar ofishin ba.

Suwidin ta bi ta wata hanyar daban a ranar 1 ga Janairun 1999, inda ta ce sayen jikin mace laifi ne, amma wadda ake sayen nata ba ta da laifi. Tunaninsu shi ne, kasuwa mai saye ne ke raya ta, idan ya ji tsoro sai riba ta ragu, masu safara su nemi wani wurin. Wani binciken da gwamnatin ƙasar ta sa aka yi a 2010 ya ce karuwancin bakin titi ya ragu da kusan rabi. Norway da Iceland sun bi sahu a 2009, Kanada a 2014, Faransa a 2016 da tarar Yuro 1,500 a kan mai saye, Ireland kuma a 2017. Masu suka suna cewa harkar ba ta mutu ba, ta koma waya da intanet ne, kuma matan sun ƙara shiga haɗari saboda mai saye yana jan su zuwa lungu don gudun 'yan sanda. Har wasu masu harkar fiye da 250, maza da mata, suka kai ƙarar Faransa a Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, amma a watan Yulin 2024 kotun ta ce dokar ba ta saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan adam ta Turai ba.

Akwai kuma New Zealand, wadda a 2003 ta cire hukunci a kan manya gaba ɗaya, da ƙuri'a 60 a kan 59 a majalisa, kuma irin wannan tsari ne ƙungiyar Amnesty International ta goyi baya a 2016. Sai dai masu kafa hujja da ita sukan manta cewa dokar ta haramta wa baƙi masu bizar wucin gadi shiga harkar, kuma ƙasar tsibiri ce can nesa da babu mai shiga ta da motar Hilux.

Game da ko halattawa tana ƙara fatauci, akwai wani nazari da masana tattalin arziki uku suka wallafa a 2013 bayan sun duba ƙasashe kusan 150, suka ce ƙasashen da suka halatta sun fi samun rahoton shigo da mutanen da aka yi fataucinsu, saboda kasuwar tana faɗaɗa. Amma su da kansu sun ja kunne cewa alƙaluman fatauci ba su da ƙwari, domin ƙasar da 'yan sandanta suka fi himma ita ce za ta fi yawan rahoto. A nawa ganin, idan dole sai an zaɓa, tsarin Suwidin ya fi kusa da adalci, ko ba komai ya juya fitilar zuwa kan namijin da a kullum yake sulalewa ba wanda ya tambaye shi.

Ɗan Agadas

Barista, na karanta bayaninka har ƙarshe kuma na ƙaru, amma ka yi mini afuwa in ce ka daɗe a Turai ka bar hanyar da ake bi a kai can. Mu a nan Agadas a gaban idonmu abin ya wuce.

A shekarun da harkar ta yi tashe, ranar Litinin ce ranar tashin ayari zuwa Dirku da iyakar Libiya. Za ka ga Hilux an cika bayanta da mutum fiye da 20, ƙafafunsu na lilo a waje, kowa ya rungume sanda da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, ga jarkokin ruwa an naɗe su da buhu. 'Yan matan Najeriya kuwa ba a cika ganinsu a kasuwa ba, a gidajen da ake kira geto ake ajiye su, kuma kullum akwai wani namiji da ke riƙe da wayoyinsu, shi ke magana da direba, shi ke biyan sefa a shingen jandarmomi. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙidaya matan Najeriya kusan 11,000 da suka isa Italiya ta teku a 2016, alhali a 2014 ba su kai 1,500 ba, ta kuma ce kimanin kashi 80 cikin 100 nasu akwai alamar fataucinsu aka yi. Daga Italiya aka rarraba su, wasu Faransa inda ake cin tarar mai saye, wasu Jamus inda abin halal ne a doka. Ban ga alamar cewa magajiyar da ta aiko a kawo mata yarinya ta tsaya duba wace doka ce a ƙasar ba.

Abin da nake so a lura da shi shi ne abin da ya faru da dokarmu ta 2015-36, wadda ta haramta jigilar baƙin haure. Da aka fara aiki da ita sosai a 2016, an kama direbobi, an ƙwace motoci, ayarin Litinin ya watse. Mutane ba su daina tafiya ba, direbobi ne suka bar hanyar rijiyoyi suka shiga sahara tsagwaronta, kuɗin mota ya ninka, kuma idan direba ya hango sojoji sai ya zubar da fasinja ya tsere. Duk ƙarin kuɗin nan a kan yarinyar yake komawa, domin a littafin bashinta ake rubuta shi. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Ban kawo wannan don in ce a bar masu safara su ci karensu ba babbaka ba, na kawo ne don a gane cewa direban da ya ɗauki fasinjan da ya biya kuɗinsa daban, matar da ta sayi yarinya daban, kuma dokar da ta haɗa su a kwando ɗaya direban ta kama, matar tana can zaune a ɗakinta a Turai.

Almajirin ilimi, Gusau

Assalamu alaikum. Zan taɓa ɓangaren addini kaɗan, domin na lura waɗanda suka ce a tsananta wa matan suna ganin su ne suka fi kusa da shari'ar Musulunci, kuma ina ganin akwai gyara a nan.

Babu saɓani cewa zina haramun ce kuma kuɗin karuwanci haramun ne, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim a kan hana sadakin karuwa, saboda haka maganar yi wa harkar lasisi ba ta ma taso ba a wurinmu. Amma ayar da ta ambaci karuwanci da sunansa, wato aya ta 33 a Suratun Nur, ba da matan ta yi magana ba, da masu tilasta musu ta yi. Ta hana iyayengiji tilasta wa kuyanginsu yin karuwanci don neman abin duniya, sannan ta rufe da cewa wanda ya tilasta musu, to Allah mai gafara ne mai jinƙai gare su bayan an tilasta musu. Imam Muslim ya ruwaito cewa ta sauka ne a kan Abdullahi bin Ubayyu, shugaban munafukan Madina, wanda yake tura kuyanginsa su samo masa kuɗi ta wannan hanya. Wannan shi ne kawalci, shi ne kuma aikin magajiyar yau, sai dai ita ta ƙara da fasfo da littafin bashi.

Haddin zina kuma a kan mace da namiji yake daidai wa daida, da sharuɗɗa masu tsauri na shaidu huɗu ko iƙirari, kuma malamai sun haɗu a kan cewa ba a tsayar da shi a kan wadda aka tilasta. To ina muka samo tsarin da za a kai sumame a cika mota da mata, mazan da aka samu tare da su a bar su su sa takalmansu su tafi? Da aka ƙaddamar da shari'a a nan Zamfara a farkon shekarar 2000, sauran jihohi suka biyo baya, an rufe gidajen magajiya a garuruwa da dama, matan kuma da yawansu suka tsallaka garuruwan bakin iyaka na Nijar, abokan hulɗarsu suka riƙa bin su can da mota a ƙarshen mako. An tsabtace unguwa, wannan gaskiya ne kuma abin yabo ne, amma ba a tambayi inda matan suka nufa ba, ko a hannun wa suka faɗa.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar gidan kula da waɗanda aka ceto

Malam na Gusau ya faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi shekaru ina karɓar 'yan matan da aka dawo da su, kuma zan yi magana ne a kan abin da na gani.

Wata yarinya ta taɓa zuwa mana da ɗan ƙaramin littafin rubutu a ƙulle cikin ɗankwali, ba ta yarda kowa ya taɓa shi. Da ta saki jiki ta nuna mini, sai na ga lissafi ne, kowane dare da abin da ta miƙa, a ɗaya gefen kuma abin da ake ƙara mata na haya da na abinci da tarar ranar da ta yi rashin lafiya. An ce mata bashinta dubu talatin ne, ita kuma ta ɗauka naira ake nufi, sai da ta isa ta gane Yuro ne. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, ko a wurinmu tana ci gaba da lissafin abin da ya rage, domin ta yi rantsuwa a gidan tsafi kafin ta tashi, an yanki farcenta da gashinta an ajiye, kuma ta yi imani cewa idan ba ta biya ba ita ko mahaifiyarta wani zai mutu. Shi ya sa nake ganin abin da Oba na Benin, wato sarkin Benin da ke jihar Edo a Najeriya, Ewuare na Biyu, ya yi a watan Maris na 2018, lokacin da ya tara bokayen masarautarsa ya warware duk irin wannan rantsuwa ya kuma tsine wa masu ɗaura ta, ya kwance 'yan mata da yawa fiye da yadda wata dokar majalisa ta yi. Namu na Arewa ba a cika kai su gidan tsafi ba, da kunya ake ɗaure su, da tsoron kada a ji a gida.

Barista, a nan ne zan ɗan saɓa maka game da Suwidin. A takarda macen ba ta da laifi, amma idan baƙuwa ce marar takardu, 'yan sandan da suka kama mai sayen su ne za su miƙa ta ga jami'an shige da fice, ƙarshenta a jirgi za a sako ta, bashin kuma yana nan yana jiran ta a gida. Wadda ta san haka ba za ta taɓa buɗe baki ba. Abin da na ga ya fi amfani shi ne irin sashe na 18 na dokar shige da fice ta Italiya ta 1998, wanda ya ba da damar a ba wadda aka yi fataucinta takardar zama da matsuguni da koyon sana'a, ko da ba ta shirya tsayawa a kotu ba tukuna. Idan hankalinta ya kwanta, da kanta take faɗin sunan magajiyar. Babu shari'ar fatauci da ke tsayawa ba tare da shaida ba, shaidar kuwa ita ce yarinyar nan da wasu ke cewa a ɗaure.

A gida ma haka abin yake. A 2017 Kotun ECOWAS ta samu Najeriya da laifin tauye haƙƙin wasu mata da jami'ai suka kama a titunan Abuja da dare suka kira su karuwai ba tare da wata hujja ba. Irin wannan kame yana koya wa kowace yarinya cewa mai kaki abokin gaba ne, magajiya kuma ita ce mai zuwa beli, kuɗin belin ma a ƙara shi a littafi. Wani abin da ba a son faɗa kuma shi ne, da yawa daga cikin magajiyoyin nan su ma da an taɓa kai su ne, suka gama biya, suka duba ba su da wata sana'a ko mutunci a gida, sai suka aika a kawo musu tasu yarinyar. Idan aka dawo da yarinya aka ba ta keken ɗinki ɗaya aka sallame ta, ba jari, ba mai aurenta, 'yan unguwa na nuna ta da baki, ba a jima ba za ta nemi lambar waccan matar da kanta.

Malamar Firamare, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan karanta wa matan ƙungiyarmu wannan duka, musamman bayanin ayar. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba tun farko. Matar da ta ɗauki yarinyar 'yar uwar kishiyar mahaifiyarta ce, kuma yanzu dattawan gidan sun matsa a yi sulhu a rufe maganar, har an kawo kuɗi wai na magani. Barista, idan uwar ta karɓa, shin maganar ta mutu ke nan?

Lauya mai zaman kansa, Kaduna

Hajiya, na karɓi gyaranki a kan baƙi marasa takardu, gaskiya ce kuma ban ba ta haƙƙinta ba a bayanina.

Malama, maganar ba ta mutu ba. Fataucin mutane laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma, sulhun dangi ba ya goge shi, kuma amincewar uwa tun farko ba kariya ba ce ga wadda ta yi yaudarar. Amma ina ba da shawarar kada a karɓi kuɗin, domin lauyan wadda ake zargi zai yi amfani da shi ya ce dama ciniki ne aka yi da yardar gida. NAPTIP tana da ofishin shiyya a Kano, kuma za a iya kai rahoto ba tare da an tara wa yarinyar jama'a ba. Kafin a je, a adana wayar mahaifiyar yadda take, kada a goge saƙonnin murya ko lambobin da aka riƙa kira da su daga Burkina, a kuma zauna da yarinyar a hankali, mace ɗaya da ta yarda da ita, ta rubuta sunayen garuruwan da aka bi da ita da tashoshin da aka sauya mota tun tana iya tunawa. Ku kuma bincika a unguwa cikin sirri ko akwai wani gidan da matar ta taɓa kai wa ɗinki.